Kujerar Bayan Ginshiƙi

Tun yarinyar nan ba ta iya ɗaura zani ba nake fargabar ranar da za a kai ta makaranta. Ba duka nake tsoro ba, ba kuma tsoron kada ta ƙi karatu ba. Tsorona kada ta ɓace a cikin yara, yadda ni na ɓace.

A aji uku na tsaya a firamare, a Kano. A ajinmu wanda ya riga zuwa shi ke samun benci, saura su zauna a ƙasa, wasu a kan taga. Ni kuwa sai na gama wanke-wanke nake fitowa, saboda haka wurina kullum bakin ƙofa ne, wajen takalma. Daga can ba abin da nake gani sai ƙeyar mutane. Shekara uku malaminmu bai taɓa kiran sunana ba sai wajen rajista. Da na daina zuwa, ba wanda ya aiko gida a ji ko lafiya. Na fi wata ina sauraron a aiko. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, har mijina, amma da abin a raina na shigo jirgi zuwa Guangzhou.

Mun zo ana saura shekara uku a shiga dubu biyu. Maigidana takalma yake saye a kasuwar Zhanxi, ya haɗa da kayan sawa daga ta Baima, in sun taru a kai tashar Huangpu a loda wa jirgin ruwa. A lokacin mutanenmu ba su yi yawa a garin ba, matan aure kuwa yatsun hannu ɗaya sun isa a ƙirga mu. Muka kama haya a hawa na huɗu, a wani lungu kusa da tashar jirgin ƙasa, inda gidaje suka matsu har in ka miƙa hannu ta taga sai ka taɓa shanyar maƙwabta. Yarinyar tana da shekara biyar, ni kuma da cikin ƙanwarta.

'Yar fari ce. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a ɗora shi a cinya a gaban mutane, ba a zama ana hira da shi kamar ƙawa. Haka na taso na gani, haka na yi, duk da a nan babu surukar da zan ji wa kunya. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Na faɗi wannan ne don a gane yadda aka yi abu ya kwashe wata biyu a gaban idona ban sani ba.

Kafin shekara ta zagayo bakinta ya kama yaren garin. A lungu ta koya, wajen 'ya'yan 'yan ci-rani, mutanen ƙauye da suka zo birni aikin gini da ɗinki. Ni dai kalma uku na riƙe: nihau ta gaisuwa, sheshe ta godiya, sai meyo, wato babu, wadda duk mai shago ke jefa maka.

Mai gidan da muke haya wata 'yar tsohuwa ce a hawa na ƙasa. Yarinyar na kiranta Popo, wato kaka, ni ma na bi. Da na haihu, duk sanda ta gan ni da goyo ga babbar a gefe sai ta ɗaga yatsu biyu, ta girgiza kai tana dariya, sannan ta nuna ƙirjinta ta ɗaga ɗaya. Jika ɗaya tak gare ta. A birni ɗa ɗaya aka yarda mutum ya haifa. Idan jikanyar nan za ta makaranta, kaka na riƙe da jaka, kakan na riƙe da laima, uwar na bin su da ƙwai dafaffe. Har tausayin jikanyar nake ji, ko atishawa ta yi mutum uku ne a kanta.

Makarantar da jikanyar take zuwa tana daidai tagar kicin ɗina. Bene ne hawa uku, da fili, da itatuwa. Kowace safiya sai a saki kiɗa a lasifika yara su fito motsa jiki, ni kuma ina tsaye ina dama koko ina kallo. Ba sa cika rabin filin. Hawan sama gaba ɗaya a kulle yake, ta gilashi ina hango kujeru an kifa su a kan tebura, ƙafafu a sama. Na sa yarinyar ta tambayar mini Popo, sai ta ce lokacin da ɗanta ke karatu a nan, don yawa raba su ake yi, wasu da safe wasu da rana. Yanzu yara sun ƙare a unguwar. Matasa sun koma sababbin gidaje, waɗanda suka rage kowa da ɗa ɗaya, sai tsofaffi.

Wallahi ranar da na ji haka har barci mai daɗi na yi. Na ce Allah ya kawo ni ƙasar da kujeru suka fi yara yawa.

Da lokacin ɗiban yara ya zo, maigida ya sa babbar riga ya kama hannunta suka tafi. Ko awa ɗaya ba su yi ba suka dawo.

"Yaya aka yi?"

"Meyo," in ji shi, yana cire hula.

"Meyo me? Kujera? Alhaji, zo ka leƙa ta tagar nan. Ga su can a kife kamar an yi mutuwa."

"Ba kujera ce babu ba, malama. Takarda ce babu. Wani ɗan littafi ne da ke nuna iyalinka 'yan asalin unguwar ne. Su kansu mutanen ƙasar da suka zo daga ƙauye ba su da shi, balle ni da na zo daga Fagge."

"To kujerun fa, wa zai zauna?"

"Ki je ki tambaye su mana, tunda kin iya nihau."

Akwai makarantar 'ya'yan baƙi a can wani gefen gari, amma ba ta irinmu ba ce. Popo ce ta cece mu. Ta ja mu ta bayan kasuwar kayan miya zuwa wani gini da a da masana'antar ɗinki ce, yanzu an mai da shi makarantar 'ya'yan 'yan ci-rani. Mai wurin ya yi wa yarinyar tambayoyi, ta amsa da yarensu, ya yi dariya, ya ce a kawo ta. A hanya maigida ya ja mini kunne.

"Alfarma aka yi mana fa. Ba dole ne su karɓe ta ba. Kada in ji kin je kin yi musu surutun nan naki."

Ranar farko, a watan tara, na yi mata kitso, na shafa mata man kaɗanya, na ɗaura mata ɗan kwali. A bakin matakala na tsayar da ita na gaya mata abin da uwata ta gaya mini.

"Ke, ki saurara. Duk inda aka ajiye ki, ki zauna. Kada ki kalli malama cikin ido. Kada ki kai ƙarar kowa. Kin ji?"

Ta ce ta ji.

Ba a barin iyaye su wuce ƙofar ƙarfe, sai muka tsaya a waje muna leƙe. Malamar ajinsu ta jera su a lungu, gajeru a gaba, dogaye a baya, ta riƙa dafa kawunansu tana gyara layi. Na fara ƙirga yara, na wuce sittin, sai goyona ya yi kuka lissafi ya ɓace mini. Tawa ce ta ƙarshe, kanta ya ɗara na kowa. Har wani alfahari na ji. Ban san da wannan layin za a raba kujeru ba.

Sati biyu na farko lafiya lau. Tana dawowa da waƙoƙi, tana koya wa jaririya. Sai littafin rubutu ya fara damuna.

Ni ko bokon Hausa da ƙyar nake haɗa baƙi, balle rubutunsu. Amma ina ɗinkin hula, kuma mai ɗinkin hula ta san inda zane ya yanke. Littafinsu gida-gida ne, kowane harafi da ɗakinsa. Na lura kowane shafi ɓangaren dama a cike yake, tsaf, ɓangaren hagu kuwa gidaje ne fanko, malama ta bi su da jan biro. Na buɗe baya, haka. Na buɗe na lissafi, haka.

"Ke, me ya sa nan babu komai?"

"Lokaci ne ya ƙure."

Maganar ba ta zauna mini ba. Da lokaci ne, ai ƙasan takardar za ta bari, ba gefe ba. Maimakon in jawo ta jikina in tambaye ta a hankali, sai na rufe littafin na ce ta je ta wanke hannu.

Daga nan zuciyata ta shiga kawo mini abubuwa. Na ce ido ne. Na tsaya a ƙarshen ɗaki ina ɗaga yatsu, ta faɗa daidai. Na ba ta allura da zare, ta zura kafin in ƙifta. Duk da haka na matsa wa maigida ya kai ta shagon tabarau, aka ce idonta garau. Na ce to ko kambun baka ne, tunda duk inda muka bi sai an tsaya ana kallonta, wasu har su taɓa mata kitso. Babanta ya yi tofi a ruwa ta sha kwana bakwai. Shafi bai canza ba.

Sai kuma wuya. Ta fara karkata kai dama, ko tuwo take ci, ko tana kallon titi ta taga. In na ce ta miƙe sai ta miƙe, jim kaɗan ta koma. Da yamma ta ce wuyanta na ciwo, in shafa mata man zafi. Na shiga tunanin wata cuta ce ke cin rabin jikinta, rabin ido, rabin hannu. Ina salla abin na zuwa mini.

Maigida bai ɗauki abin da zafi ba. "Lalaci ne kawai," in ji shi. "Rabin aiki. Wa ta gado? Ni dai na gama sakandare."

Wasa yake yi, ya ma yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Washegari da ta kawo wani shafin mai rabi, na ɗauki ludayi na buga mata a bayan hannu, sau biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta dai dube ni, sannan ta tuna ta sunkuyar da kai. Har yau in na ɗauki ludayin katako sai ranar ta dawo mini.

A cikin kwanakin nan ne na ga wasu mutane sun shigo makarantar da ke gaban tagata da kekuna masu ƙafa uku. Suka buɗe hawan sama, suka riƙa sauko da tebura da kujeru suna ɗaurewa da igiya. Popo ta ce za a haɗe makarantar da wata in shekara ta ƙare, don yaran ba su kai a riƙe musu gini guda ba. Na tsaya da wuƙa da albasa a hannu ina kallon kujeru na fita ɗaya bayan ɗaya. Ban san ina aka kai su ba.

A watan sha ɗaya, bayan sun yi jarrabawa, yarinyar ta kawo takarda: ana kiran iyaye ranar Asabar da rana. Ranar kuwa maigida na da lodi a Huangpu.

"Ke za ki je," in ji shi.

"Ni? In ce musu me?"

"Ba abin da za ki ce. Ki zauna, ki yi shiru, in sun tafa ki tafa, in sun tashi ki tashi. Ko wannan ma sai an kai ki makaranta?"

Na goya jaririya, na yafa mayafi, yarinyar ta shige gaba.

Ashe al'adarsu a irin wannan taro, kowane uba ko uwa a kujerar ɗansa yake zama. Ba a benci a waje ba, ba a ofis ba. A kujerar yaron kanta, ga takardar jarrabawarsa an ɗora a kan tebur. Yaran su raka ka su nuna maka wurin, sannan su fita su tsaya a waje.

Ɗakin dogo ne, rufinsa ƙasa-ƙasa, har yanzu da wayoyin kekunan ɗinki na lilo a sama. Tebur na mutum biyu, yara uku ke zama. Hanyar da ke tsakani sai da na bi ta a karkace, ƙafar goyona na shafar kawunan mutane, ina ta sheshe, sheshe, don ban san kalmar ban haƙuri ba. Maza da siminti a wando, mata da zare maƙale a hannun riga, kowa ya dunƙule gwiwa a ƙarƙashin ɗan tebur. Yarinyar ta yi ta tafiya har ƙarshen ɗaki, ta nuna mini kujera, ta juya da sauri ta fita.

Na kwance goyo na rungume, na zauna, na ɗaga kai.

Ginshiƙi ne a gabana. Ƙaton ginshiƙin siminti mai kusurwa huɗu, wanda ya riƙe benen, an shafa masa koren fenti. Tsakanina da shi bai fi kamu uku ba. Ya cinye rabin allo na hagu ɗungurungum. Malama ta fara magana, ina jin murya amma ban ga mutum ba, sai can in ta matso dama in ga hannu da alli, ta sake ɓacewa. Ban san lokacin da na karkata kaina dama ina leƙe ba. Da na ji jijiyar wuyana ta ja, sai na gane.

A gefen ginshiƙin, daidai tsayin kan yaro in yana zaune ya miƙa wuya, fentin ya yi duhu, ya yi santsi. Na kai hanci. Man kaɗanya ne. Nawa, wanda nake shafa mata kowace safiya.

Na dubi takardar jarrabawar da ke gabana. Rabi. Gidajen hagu ta bar su a buɗe, ba ta cike su da shirme ba, ba ta matso da rubutun ta ɓoye ba. Ta bar wa abin da ba ta gani ba wurinsa, ko wata rana za ta gani.

Ban san me aka faɗa a taron nan ba. An tafa ban tafa ba. Mutumin da ke kusa da ni, wanda shi ma ginshiƙin ya tare wa ɗansa wani yanki, tuni gajiya ta kwashe shi, yana ta gyangyaɗi. Ni kuwa maganar maigida ce ke yawo a kaina: alfarma aka yi mana. In na yi magana suka ce to ɗauki 'yarki, ina zan kai ta? In na yi shiru kuma, shekara nawa za ta yi tana leƙe?

Da aka tashi iyaye suka yanyame malamar. Na jira har suka ragu. Yarinya ce, ba ta kai ni shekaru ba, muryarta ta dushe, yatsunta sun tsage da alli, tana ta kurɓar ruwan ganye a wata kwalba. Na mai da goyo baya, na je gabanta. Sai kawai na kama wuyan hannunta.

Ta firgita, ta ja baya, ban saki ba. Na ja ta a hankali ta cikin teburan nan har ƙarshen ɗaki, sauran iyayen na kallo. Na nuna mata kujerar. Ta dube ni. Na sake nunawa. Ta zauna. Na nuna allo na ce, "Meyo."

Ta duba. Ta karkata dama. Ta ƙara karkatawa har kafaɗarta ta taɓa wurin man nan. Na ga kunnuwanta sun yi ja.

Ta ƙwala wa yarinyar kira ta taga. Ta shigo tana kallon ƙasa. Malamar ta yi mata tambaya, ta amsa ƙasa-ƙasa.

"Me ta ce?" na tambaya.

"Ta ce me ya sa ban faɗa ba tun tuni."

"Ke kuma kika ce me?"

"Na ce ke kika ce duk inda aka ajiye ni in zauna."

Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Malamar ta yi dogon bayani, yarinyar na juya mini guntu-guntu. Wai da aka buɗe makaranta ba kowa a wannan kusurwar, tsintsiya da bokiti ake ajiyewa. Sai yara suka yi ta zuwa, kowane sati da sabo, aka yi ta tura tebura baya. Ta ɗauka tunda doguwa ce tana hangowa ta gefe. Ita daga gaba ba ta ganin wurin, kamar yadda wurin ba ya ganinta. Wai a makarantun gwamnati ana juya layi duk bayan sati biyu don kowa ya ɗanɗana gaba, amma a nan ba filin juyawa. In ta kawo doguwa gaba, ta tare wa mutum biyar. Sannan ta dube ni ta yi wata 'yar gajeriyar magana.

"Ta ce, ɗan wa za ta sa a nan?"

Na ce sheshe, muka fito.

Da maigida ya dawo na gaya masa, sai ya ajiye cokali.

"Kika kama hannun malama? Kika ja ta? A gaban mutane?"

"A hankali na ja."

"A hankali! Sannu, sarauniyar hankali. Na ce ki tafa, kin je kin yi kamu kamar 'yar sanda. To ranar Litinin in suka miƙo mata jakarta, sai ki buɗe mata aji a kicin."

Can ya ce, "Ginshiƙi fa kika ce?" Ya kira yarinyar, ya kama hannun nata da na buga yana jujjuyawa. Daga ranar bai sake maganar gado ba.

Lahadi ban iya cin abinci ba. Litinin na raka ta har ƙofar ƙarfe, na koma gida na kasa zama, duk motsin da na ji a matakala sai in ce ita ce aka koro. Da ta dawo da yamma na tare ta a ƙofa.

"An ce wani abu?"

"A'a."

"Ina kika zauna?"

"Wurina."

Ban san wanne ya fi ba, daɗin ba a kore ta ba ko baƙin cikin ba abin da ya canza.

Ina da kujera 'yar tsuguno da na zo da ita daga Kano, cikin kayan aurena, ta katako mai zanen ƙuna. A kanta nake girki. Da yammar nan na tashi ɗauko gishiri, na juyo na tarar yarinyar ta zauna a kai tana tsince mini shinkafa. Na tsaya ina kallonta. Duk tsayin nan nata ya tafi, kanta ko bakin tebur bai kai ba. Sai na tuna a ranar taro na ga wani ɗan fili a gaba, tsakanin layin farko da bango, inda ake ajiye kwandon shara.

"Kujerar girki za ki kai makaranta?" in ji maigida. "Sai su ce mun raina su."

"Sun riga sun san ba ni da hankali, ai ka faɗa."

Talata da safe na ɗauki kujerar da wani ƙaramin tire na silba. Mai gadi ya hana ni shiga, na tsaya. Da malamar ta fito jera layi ta gan ni, na ga ta ɓoye hannunta a baya. Na ajiye kujerar a ƙasa, na zaunar da yarinyar, na ɗora mata tire a cinya da littafi a kai. Sannan na jawo mafi gajarta a layin na tsayar kusa da ita, na dafa kan wannan, na dafa kan wannan. Yara suka fashe da dariya. Malamar ta rufe baki, ita ma dariyar ta kufce mata. Ta sunkuya ta ɗauki kujerar da kanta, ta juya ta tana duba zanen, ta shige da ita.

Ba zan ce daga nan komai ya yi daidai ba. Ƙurar alli a kanta take sauka, kullum ta dawo kitso fari fat, ga tari. Yara suka sa mata suna mai kayan miya, don a kan irin wannan kujera matan kasuwa ke zama. Ta yi kuka kwana biyu ta ce ita a mai da ta baya, ni kuma na shiga sabuwar damuwa, ko na fitar da ita daga wata wahala na jefa ta wata. A karo na farko na jawo ta na ɗora a cinya, ƙatuwa da ita, ƙafafunta na jan ƙasa, na ce ta gaya mini duk abin da ake yi a ajin, tun daga safe. Ta yi ta zuba har shinkafa ta kama.

Shafi ya cika, hagu da dama. Wuya ya ɗauki wata biyu kafin ya miƙe.

Amma ko sati ba a yi da komawarta gaba ba ta dawo ta ce an kawo sabuwar yarinya daga ƙauye, an sa ta a bayan ginshiƙi. Ba doguwa ba ce ma, wurin ne kaɗai ya rage.

"Tana gani?"

"Ban sani ba. Ba ta magana."

Na ce ta riƙa ba ta littafinta lokacin hutun tara ta kwafa. Wata rana ta ba ta, wata rana ta manta, yara ne. Na so in ga uwar sabuwar yarinyar in ja ta ita ma in zaunar. A taron iyaye na gaba, ina tsugune a gaba a kan kujerar girkina, na yi ta waiwaye. Ba wanda ya zo ya zauna a wurin. Takardar jarrabawar na nan a kan tebur har aka tashi. Bayan shekara biyu muka koma Kano, ban taɓa sanin yadda ta ƙare da ita ba.

Abin da nake roƙo ga duk wanda ya karanta wannan, in kana da yaro a makaranta, ko naka ko na riƙo, ka ware rana ɗaya ka je. Kada ka tsaya a bakin ƙofa, kada ka tsaya a ofishin hedimasta. Ka ce yaron ya kai ka inda yake zama, ka zauna a wurin, ka rage tsayinka daidai nasa, ka dubi allo, ka saurara ko muryar malami na isowa. Kafin ka tashi kuma, ka tambaye shi wa ke zaune a bayansa.